Wa Zai Riƙe Su Bayan Iyayensu?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wani taro na iyayen yara masu tawayar ƙwaƙwalwa da matasa 'yan aikin sa-kai. An buga shi a wannan shafi saboda amfanin jama'a.



Akwai wata tambaya wadda kusan duk uwar da Allah ya ba ta ɗa mai tawayar ƙwaƙwalwa take kwana da ita, take tashi da ita, amma ba safai take furta ta a gaban mutane ba. Tambayar kuwa ita ce, ran da ta kwanta dama, wa zai riƙe yaron nan? Ɗa lafiyayye yau da gobe zai girma ya nemi na kansa. Amma wanda ya kai shekara 20 har yanzu sai an ɗaura masa zariyar wando, an ƙirga masa canji, an tsallakar da shi titi, to, shi ba a yaye shi daga hidima. A kan wannan tambaya jawabin nan zai tsaya.

Da farko wajibi ne a bambance tsakanin tawayar ƙwaƙwalwa da hauka, domin cakuɗa su da ake yi ya jawo wa bayin Allah masu yawa wahalar da ba su ji ba, ba su gani ba. Ciwon hauka yawanci yakan sami mutum ne bayan ya tashi da hankalinsa, kuma sau da yawa magani yakan kwantar da shi. Ita kuwa tawaya da ita ake haihuwar yaro, ko kuwa ta same shi tun yana ɗan ƙarami, ta sa ya yi jinkirin zama, da tafiya, da magana, da fahimta. Babu allurar da ke kawar da ita. Abin da ke aiki a kanta shi ne koyarwa, a nanata, a sāke nanatawa.

Waɗansu daga cikin abubuwan da ke jawo ta kuma sanannu ne ga likitoci. Doguwar naƙuda takan sa jariri ya rasa iska har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Shawarar jarirai, idan aka yi sakaci da ita a makon farko, takan yi irin wannan ɓarna, kuma ƙwallon kafur da ake sakawa cikin kayan jariri yana tsananta ta ga waɗansu jarirai. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai sukan bar tabo ga wanda ya tashi daga gare su. Akwai kuma wadda wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya yi bayaninta a 1866, har ake kiranta da sunansa, wadda daga baya aka gano cewa ƙwayoyin gadon halittar mai ita 47 ne maimakon 46. Babu laifin uwa a ciki, babu hannun kishiya. Amma har gobe akwai gidan da za a ce wa irin wannan yaro ɗan ruwa, a unguwa kuma a laƙaba masa dolo ko gaula, yara su bi shi da jifa, manya suna kallo suna dariya.

Babban Gida

Duk lokacin da aka ta da wannan magana, shawarar da akan fara kawowa ita ce Gwamnati ta gina wani katafaren gida, a tattara su a can, a ɗauki ma'aikata su riƙa kula da su. Shawara ce mai daɗin ji, kuma da kyakkyawar niyya ake kawo ta. Sai dai waɗansu ƙasashe da suka fi ƙasar nan kuɗi sun riga sun bi wannan hanya har ƙarshenta, ya kamata a ji abin da suka tarar.

A birnin New York na Amurka an yi wani gida na Gwamnatin Jiha mai suna Willowbrook, wanda aka buɗe a 1947 domin yara masu tawayar ƙwaƙwalwa. An gina shi ne don mutum 4,000, amma zuwa 1965 mutanen da ke cikinsa sun kai 6,000. A shekarar nan Sanata Robert Kennedy ya ziyarci wurin, ya fito ya kwatanta shi da ramin macizai. Duk da haka ba abin da ya sāke. Ciwon hanta ya zama ruwan dare a gidan, har waɗansu likitoci suka shafe shekaru suna saka wa yaran ƙwayar cutar da gangan domin bincike. Sai a 1972, da wani ɗan jarida mai suna Geraldo Rivera ya shiga da na'urar ɗaukar hoto, mutanen Amurka suka gani a talabijin yadda yara ke zube a ƙasa tsirara cikin ƙazantarsu, ba mai ɗaga su. Iyaye suka kai ƙara kotu a shekarar, aka cim ma yarjejeniya a 1975 cewa za a riƙa mayar da mazauna gidan cikin gari, a ƙananan gidaje. Ba a rufe shi baki ɗaya ba sai 1987.

Abin lura a nan shi ne, ba miyagun mutane aka zaɓo aka zuba a Willowbrook ba. Galibinsu ma'aikata ne masu neman abinci, aiki ya fi ƙarfinsu. Abin da ya lalata gidan shi ne yawa da kuma rufaffiyar ƙofa. Yaron da ba ya iya kai ƙara, idan aka raba shi da idon waɗanda suka san sunansa, an miƙa shi ga ƙaddara ke nan. Ƙasar nan ma ta ga samfurin rufaffiyar ƙofa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa. Dalilan da suka sa aka kai su can daban-daban ne, amma iyaye ne da dangi suka kai da yawansu, suna zaton gata suka yi musu.

Ɗaya hanyar kuwa ta girmi wannan nesa ba kusa ba. A ƙasar Beljiyam akwai wani gari, Geel, inda tun kimanin shekara 700 da suka wuce mutanen gari suke karɓar masu taɓin hankali da masu tawayar ƙwaƙwalwa su zauna da su a gidajensu, a ci tare, a je gona tare. A ƙarshen shekarun 1930 irin waɗannan baƙi sun haura 3,000 a garin. Hukuma tana ba masu masauki ɗan abin taimako, ma'aikatan jinya kuma suna zagayawa suna dubawa. Yau adadin ya ragu ƙwarai, domin zaman gona ya ja baya, amma al'adar ba ta mutu ba. A nan gida kuma, a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyatan asibitin Aro na Abekuta a ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da ɗan'uwansa mai jinya. Nasa aikin ya shafi masu ciwon hauka ne, amma tushen ɗaya ne. Bayan babban taron lafiya na Alma-Ata a 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan tafarki ga naƙasassu baki ɗaya, watau a horar da iyali da maƙwabta su yi aikin a inda mutum yake zaune, har ta fitar da littafin jagora na koyarwa a 1989.

Aikin Ɗan Sa-kai

To, amma fa kada a ɗauka cewa barin yaro a gida shi ne zama cikin jama'a. Akwai yaron da yake tsakiyar gari, amma shekara goma bai leƙa zaure ba, an kulle shi a ƙuryar ɗaki don kada baƙi su gan shi, ko don kada a ƙi auren 'yan'uwansa mata. Wannan ma Willowbrook ce, sai dai ta mutum ɗaya. Kuma zalunci ne a ce wa uwa, ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sa'an nan kowa ya juya ya bar ta da kayan ita kaɗai. A daidai wannan gaɓa ɗan sa-kai yake shigowa.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin sa-kai shi ne a tara shinkafa da atamfa ran jajibirin salla, a kai, a ɗauki hoto, sai kuma baɗi. Madalla da shinkafar, an gode. Amma uwar da ba ta je bikin ƙanwarta ba, ba ta je gaisuwar mutuwar kawunta ba, saboda babu wanda za ta bar wa yaro, abin da ta fi bukata shi ne wata amintacciya da za ta zo kowace Talata bayan azahar ta zauna da shi awa biyu. Awa biyun nan ba ta cin ko kwabo, amma ita ce ke hana uwa karyewa, kuma ita ce ke sa yaron ya saba da wata fuska bayan ta mahaifiyarsa. Ran da babu uwar, wannan sabon shi ne abin da za a dogara a kai.

Koyarwar ma ba ta bukatar digiri. Dabararta ita ce a kakkarya aiki ƙanana-ƙanana. Wanke hannu kaɗai matakai ne: ɗaukar buta, zuba ruwa, shafa sabulu, cuɗawa, ɗauraya. Akan kama hannun yaro a yi masa dukkan matakan, a bar masa na ƙarshe ya yi da kansa, domin ya ɗanɗana daɗin gamawa, a yaba masa nan take. Idan ya iya wannan, sai a bar masa biyu na ƙarshe, har ya kai ga na farko. Yana yiwuwa a ci wata uku a kan buta da sabulu. Wanda ya ga wata uku ya yi yawa, ya tambayi uwar da ta shekara 15 tana yi wa saurayi tsarki. Yaron da jikinsa ya sandare kuwa, kafinta na unguwa yana iya haɗa masa kujera mai madogara daidai jikinsa bisa shawarar likitan gashin ƙashi, ya tashi daga kwanciya ya riƙa ganin duniya a zaune, abinci kuma ya rage shaƙe shi.

Idan sun tasa, maganar sana'a ce. Da yawansu suna iya kiwo, da ban-ruwan lambu, da ɓarar gyaɗa, da ɗaura kaya a shago, kuma sukan riƙe aikin da suka saba da shi da aminci. Abin da akan rasa shi ne mutumin da zai je ya shawo kan mai shago, ya tsaya tare da yaron makonnin farko, ya tabbatar ana biyansa haƙƙinsa a hannunsa. In babu wannan mutum, ƙarshen abin bara ne, wani ya riƙa jan shi a kasuwa yana karɓe abin da aka ba shi.

Akwai gargaɗi biyu ga masu niyya. Na farko, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Waɗannan yara, musamman masu lalurar da ke sa su keɓe kansu su kasa cuɗanya, sun dogara ne ga abin da suka saba. Wanda ya zo sau uku ya ɓace, ya bar yaro yana tsaye a bakin ƙofa kowace Talata, cutarwarsa ta fi taimakonsa. Na biyu ya fi nauyi. 'Yan mata masu tawaya su ne miyagu suka fi hari, domin sun san ba za a gaskata su ba. Saboda haka ba duk wanda ya ɗaga hannu za a tura gidan mutane ba. Sai wanda mai unguwa da liman ko shugaban majami'arsa suka shaida, mace ga mace, kuma a tsakar gida inda ido yake.

Yaran Zamfara

Idan wani yana ganin maganar nan ta 'yan tsiraru ce, ya tuna da 2010. A shekarar aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gidaje, yara suna rarrafe cikin ƙurar. Yara sama da 400 suka mutu. Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi wa dubbai magani, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare, sa'an nan Bagega a 2013. Amma maganin yana fitar da dalma ne daga jini, ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Waɗanda suke goye a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, iyayensu kuma suna manyanta. Babu wani gida da za a gina a Gusau wanda zai maye musu gurbin maƙwabtansu.

Ba wai an sauke wa Hukuma nata nauyin ba ne. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya karya ta, da Naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ba naƙasasshe haƙƙin ilmi kyauta har sakandare, ta kuma nemi ma'aikatun Gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Sai dai makaho da gurgu suna da baki, suna da ƙungiyoyi da sarakunansu, suna iya zuwa ofis su buga tebur. Mai tawayar ƙwaƙwalwa sai an je a madadinsa, ko a riƙe hannunsa a je tare. Ran da hedimasta ya ce babu gurbi ga irin wannan yaro, ɗan sa-kai wanda ya san abin da dokar ta ƙunsa shi ne zai raka uwar su koma washegari.

Shugaban taro, abin da ake roƙo a yau kaɗan ne. Kowace unguwa ta fara da sanin gidajen da ke da irin waɗannan yara, a bi ta hannun ungozomomi da malaman asibitin sha-ka-tafi, cikin sirri da mutunci, ba da shela ba. Sa'an nan duk mai niyya ya rubuta sunansa kafin a tashi, ya rubuta rana ɗaya a mako da awar da ya tabbata zai iya riƙewa har shekara guda. Wanda bai tabbata ba, ya je ya yi shawara da iyalinsa, ya dawo a taro na gaba.