Daga Rainon Yara Zuwa Riƙe Alli: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Asalin Yasore

 

An umarce ni in yi magana a kan ilimi. Ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan wasu bayin Allah da ba a cika ambatonsu a irin wannan zama ba, wato mata da samarin da ke taimaka wa malamai a azuzuwan share fage. Su ke tarbar yaro da safe, su share masa hawaye, su kai shi bayan gida, su zaunar da shi bisa tabarma ya fara koyon baƙi da wasali. Da yawansu ba su da takardar ɗauka aiki, sai ɗan abin da kwamitin makaranta ko iyaye suka tara musu. Amma a shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Batsari da Safana, sa'ad da malamai da dama suka nemi a sauya musu wurin aiki, waɗannan 'yan gida ne suka zauna tare da yaranmu. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Jama'a, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Sai dai tsarin ilimi na ƙasa ya ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, bayanta kuma sai rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993. Wanda bai da waɗannan, ko ya shekara ashirin a aji, mataimaki ne.

Hanya ta farko ita ce hutun ƙaro ilimi, kuma ta wanda aka tabbatar da shi a aiki ce. Zai rubuta takarda ta hannun shugaban makaranta zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan ta wuce hukumar SUBEB. In an ba shi hutu da albashi, zai sa hannu cewa zai dawo ya yi aiki bayan kammalawa. In ba albashi, gurbinsa na nan yana jiransa. Ina jan kunne: kada kowa ya bar aji ya tafi makaranta alhali takardar amincewa ba ta shiga hannunsa ba, domin ana iya lissafa shi cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ga ta kusa da mu, ga kuma ta Tarayya a Katsina. Karatun shekara uku ne.

Hanya ta biyu ta waɗanda ba su da haƙƙin hutu ce, musamman matan aure. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, tana bayar da NCE ta karatu daga nesa, ana haɗuwa a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu. Mace na iya yin wannan ba tare da ta bar ɗakinta ko ajinta ba. Abin da ake nema shi ne isassun kiredit. Wanda ya rasa, sai ya sake zana NECO ko WAEC. Bayan NCE kuma ƙofar digiri a buɗe take a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Mu tattara sunayen waɗannan mataimaka unguwa-unguwa. Mu buɗe asusun biya musu kuɗin jarrabawa da na rajista, bisa sharaɗin su dawo su koyar a gida. Sannan dattawanmu su zauna da mazajensu a nemi izini cikin mutunci. Mu da ke birni 'ya'yanmu na makarantun kuɗi, amma 'ya'yan yayyenmu da ƙannenmu suna hannun waɗannan mutane.

Allah Ya maido mana da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.