Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Sana'o'in Hannu

 

'Ya'yana da ake yayewa yau, na zagaya rumfunanku da safen nan, na ga jakunkuna da takalma, na ga rini da ɗinkin hula, na kuma tabbata hannuwanku sun faɗa. Allah ya saka wa malamanku da alheri. Abin da ya rage shi ne lissafi, kuma a kansa nake so in tsaya.

Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake ƙirga tarihinta tun daga 1498, ta taɓa tufatar da mutane har cikin Sahara. Lokacin da wani Bajamushe mai suna Barth ya shigo Kano a 1851, yawan tufafin da ake fitarwa ya ba shi mamaki. Waɗancan magabata sun san wanda suke rina wa: sun san irin turkuɗin da Buzu yake so, sun san lokacin da ayari yake tashi. Yau rijiyoyi da yawa a can babu mai tsoma musu baba. Gwaninta tana nan, kasuwa ce ta juya da shigowar yadi mai araha daga waje.

'Ya'yana, ku ɗauki baduku ya gama takalmi. Ya ƙirga kuɗin fata da tafi da gam da zare, ya ɗora ɗan abu a kai, ya sayar. Kuɗin motar da ya kai shi kasuwa fa? Hayar rumfa? Wuƙar da take cinyewa kullum? Ladan yininsa a sunkuye? Bai sa ko ɗaya ba. Ciniki yana tafiya, jama'a na yabo, shi kuwa uwar kuɗi yake ci bai sani ba. Haka tela gab da Sallah: ya karɓi kafin alƙalami a hannun mutum da yawa, ya yi cefane da shi, ranar alkawari ta zo babu kuɗin zare, ga mai kaya a tsaye. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin mutunci yake zubewa, shi kuwa ya fi jari wuyar dawowa.

Tun ran gini ran zane. Kafin ku buɗe rumfa, ku sayi littafi, ku rubuta ko da ajami ne: wa zai saya, nawa kaya ya tsaya muku, me za ku ci da shi bayan Sallah idan kasuwa ta kwanta. Kuɗin sana'a su sami aljihunsu daban da na gida. Ku yanka wa kanku albashi, ku tsaya a kansa. In aiki ya kafu, ku yi rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni. Bankin Masana'antu da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i takarda suke fara tambaya kafin su saurari buƙatarku.

Iyaye, ina roƙonku: jarin yaran nan amana ne, kada a mayar da shi asusun biki da suna. Ku bar shi ya tsaya da ƙafarsa tukuna.

Allah ya sa wa hannuwanku albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.