Mai Gyaran Famfo Shi Ma Yana Da Iyali

Jawabin da aka gabatar a taron kwamitocin ruwa da lafiya na ikkilisiyoyin yankin Wurno, Birnin Kudu da Gwaram

 

Kullum idan mun taru, zancen siminti ne da bututu da magani. Yau muna so mu yi zancen mutanen da ke riƙe mana ayyukan nan: mai gyaran famfo, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, malamin yaƙi da jahilci, da maigadin rumbun hatsi.

Bari mu fara da laifin kanmu. A wani ƙauye, ba za mu kama suna ba, mun haƙa rijiyar burtsatse, muka tura wani saurayi ya koyo gyara. Aka yi magana da baki cewa kowane gida zai riƙa ba da kuɗin ruwa, a ba shi wani abu a ƙarshen wata. Ba wanda ya rubuta ko nawa ne. Da farko ana ba shi. Daga baya ma'aji ya ce ya yi haƙuri sai an sayar da riɗi. Riɗi ya shiga kasuwa, shiru. Matarsa ta haihu, sai da ya ci bashi aka yi suna. Da kaka ta wuce ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano cin rani, bai yi faɗa da kowa ba.

Ana cikin zafin bazara famfo ya tsaya. 'Yar robar ciki ce ta cinye, gyaran da ba zai ɗauke shi rabin yini ba. Mata suka koma kududdufi, gudawa ta shiga yara, har aka kwashi waɗansu zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu. Kuɗin mota da na magani ya ninka abin da aka hana yaron nan. Mu kuwa a ofis muka rubuta cikin rahoto cewa famfo ya lalace. Gaskiyar ita ce mutum muka kora da yunwa, famfon ya bi bayansa.

Mun sha jin ana cewa, "Ai aikin Ubangiji ne, ladansa yana sama." Ba mu musa ba. Amma mun lura mai faɗin haka sau da yawa ya riga ya ci tuwonsa. Wanda ya ba da kansa yini ɗaya a mako, wannan sa kai ne. Wanda muka ɗaure shi daga Litinin zuwa Asabar har gonarsa ta cika da ciyawa, ma'aikaci ne, ko da wane suna muka kira shi.

Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan, wadda take nan tun 1974, ta faɗi abubuwan da ya kamata kowane sakataren kwamiti ya sani. A ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 ya cika. Kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Yana da hutun yini ɗaya cikin kwana 7, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 bayan ya cika wata 12. Idan likita ya shaida ba shi da lafiya, a biya shi har kwana 12 a shekara. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma idan ta yi wata 6 a bakin aiki, a ba ta aƙalla rabin albashinta. Ku tambayi kanku, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinku ta taɓa samun ko ɗaya?

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Mun san baikon ƙaramar ikkilisiya ba zai kai nan ba, kuma ba mu zo mu ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku ba. Kaɗan da ke zuwa ranar da aka ce zai zo, mutum yana iya shirya gidansa a kansa. Alkawarin da ba shi da rana shi ne ke tura mutum bashi.

Muna da abin koyi a jiharmu. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki Jigawa ta kafa asusun fansho na haɗin gwiwa, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati ta ƙara kashi 17. Dabarar ita ce ana ajiye haƙƙin mutum tun yana aiki, a wurin da ba a taɓa shi don wata hidima. Kwamitin ƙauye ma zai iya haka. Ku ware kason mai gyara daga kuɗin ruwa tun ranar da aka karɓa, kada ya haɗu da kuɗin rufin majami'a ko na saukar baƙi.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Kada a yi wa ma'aikaci faɗa a gaban jama'a bayan sujada. A kira shi gefe. Idan horo ya zo, a tura mai yin aikin, ba ɗan shugaban kwamiti ba, ko da akwai kuɗin zama. Idan za a sayi kayan gyara ko magani, a tambayi mai riƙe da sifana da mai ba da maganin, su suka san abin da ke ƙarewa.

Abin da muke roƙo kafin a yanke gero shi ne kowane kwamiti ya zauna da ma'aikacinsa, a rubuta aikinsa, nawa za a ba shi, wace rana, ranar hutunsa, da dattijon da zai kai wa kuka. Takarda ɗaya a hannunsa, ɗaya wurin sakatare. Inda ake bin ku bashin watannin baya, ku rubuta shi ma, ku sa lokacin biya. Mu ma mun yi wa direbanmu da maigadinmu haka, duk wanda ya zo ofis yana iya gani.

Saurayin nan kuwa mun aika masa da saƙo Kano. Ya ce zai dawo idan ya ga takarda.