Iyakar Inda Ƙafar Mai Tashe Ke Kaiwa

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

An nemi in yi magana a kan zaman lafiya a Bukuru da ke kusa da Jos, ni kuwa a kan wasan yara zan yi. Na daɗe ina jayayya da abokan aikina malaman makaranta da jami'an da ke shirya tarukan sulhu a kan wannan batu, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba: babbar asarar da garin nan ya yi, bayan rayuka, ita ce abotar da aka ƙulla a fagen wasa, kuma babu wanda ya ɗauki gyaranta a matsayin aikinsa.

Ba sai na tuna wa kowa a ɗakin nan rikicin da ya faru ranar 7 ga Satumba 2001 ba, ko a Nuwamba 2008, ko a Janairu 2010 lokacin da wuta ta iso mana har cikin kasuwa, ko kashe-kashen Kuru Karama da Dogo Nahawa. Kun fi ni sani. An kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi, an kafa na Bola Ajibola, an kafa na Solomon Lar. An ƙirga gawawwaki, da gidaje, da shaguna, da masallatai da coci-coci. Aikinsu ke nan. Amma mutumin da ya tsira da ransa da gidansa, ya wayi gari ba zai iya taka ƙafa ƙofar gidan amininsa ba, shi ba ya shiga irin wannan lissafi.

Kuza ce ta tara mu. Tun da ƙaramin jirgin ƙasa ya iso Bukuru daga Zariya a 1914, kamfanoni irin su ATMN suka riƙa ɗiban leburori daga ko'ina, Bahaushe da Babarbare da Bayarabe da Ibo da Urhobo suka zo suka tarar da Birom a ƙasarsu. Iyaye dai neman abinci ya haɗa su. 'Ya'yansu kuwa wasa ne ya haɗa su, kuma haɗin 'ya'yan ya fi na iyayen ƙarfi.

Waɗanda suka yi ƙuruciya a nan kafin rikici sun san yadda abin yake. Da azumi ya kai goma, an sha ruwa, sai ka ji gwangwanaye sun fara amsawa daga lungu zuwa lungu. Wani ya manna gemun auduga, wani ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, Jatau mai magani ya rataya layu da saiwoyi, 'yan mata can sun naɗa wa ɗayarsu rawani ta zama Daudu. Ƙungiyarmu kuwa masarauta ce sukutum. Muna da Sarki, muna da Waziri da Galadima, muna da Alƙali mai yanke tara ga wanda ya makara, da Ma'aji mai riƙe gwangwanin kuɗi har ranar jajiberin Sallah. Wazirinmu yaro ne Birom daga Gyel. Ba ya azumi, amma babu wanda ya kai shi iya muryar tsoho, kuma idan ya sunkuya ya kama ƙugu yana tari, har matan gida sai sun leƙo daga bayan labule. Idan Kirsimeti ya zo mu ne ke bin sa, mu riƙe masa ganga gida-gida. Sarautar nan ba ta ƙarewa da watan azumi. A makaranta, a filin ƙwallo, a bakin kududdufin kuza da aka hana mu zuwa, Waziri dai Waziri ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. A kalankuwa samari kan naɗa Gwamna da Alƙali a tsakaninsu, a Damagaram ana wasan kara, a fada mata na wasan gauta su kwaikwayi sarki da fadawansa. Abin da ke cikin irin wannan wasa shi ne, da zarar yaro ya ɗauki sunan wasa, an ajiye tambayar ɗan wane ne shi, wane yare, ina yake ibada. Abin da ya rage shi ne ko ya iya rawarsa, ko yana zuwa a kan lokaci, ko za a iya ba shi ajiyar sule goma ya dawo da ita cif. A nan yara ke koyon amana, da hannunsu, ba da wa'azi ba.

To ga ma'aunin da nake so ku ɗauka, wanda na sha faɗa a taruka ana wuce shi. Tashe wasa ne na ƙafa, kuma na dare. Ba a yin sa a zaune. Dole yara su fita bayan isha'i, su yi sallama a ƙofar da ba ta gidansu ba, a ce musu su shigo, a ba su gero ko sukari ko 'yan kuɗi, su wuce gaba. Kowace ƙofa da aka buɗe musu shaida ce cewa maigidan bai ɗauki yaran nan abin tsoro ba, kuma iyayen da suka bar su suka fita shaida ne cewa ba sa tsoron maigidan. Saboda haka idan kana so ka san gaskiyar zaman lafiya a gari, kada ka tambayi kwamandan sojoji, kada ka duba yawan watannin da aka yi ba a ji harbi ba. Ka bi yaran tashe a baya, ka ga inda suke juyawa. Inda suka tsaya suka ce "daga nan ba a wucewa", nan ce iyakar zaman lafiyarku, ko da takardar yarjejeniya ta ce wani abu daban. A zamaninmu ƙafarmu kan ratsa unguwanni har mu gaji mu dawo don kanmu. Yau ku je ku gwada. Yaron da bai kai shekara goma ba zai nuna muku kwalbatin da ba ya tsallakewa, da shagon da daga shi sai a koma. Ba a rubuta a allo ba, babu shinge, amma ya haddace shi fiye da karatun makaranta. Mu muka koya masa, kuma da dalili muka koya masa, domin mun ga abin da muka gani. Sai dai shekaru da yawa sun wuce tun 2010, an yi tarukan otal iri-iri, an ci abinci, an ɗauki hoto ana musafaha, iyakar nan kuwa ba ta matsa ba. Duk shirin sulhun da bai ƙara wa ƙafar yaron nan ko layi ɗaya ba, ni ban ga abin da ya yi ba.

Abokan aikina kan ce waya ce ta kashe wasa. Ban yarda ba. Layin GSM ya shigo Najeriya a Agustan 2001, wata ɗaya kafin rikicin Satumba, kuma wayar da ake wasa a kanta ba ta shiga hannun yaran talakawa ba sai bayan unguwanni sun riga sun rabu. Titi aka rufe wa yaro, sai ya koma cikin waya. Ku ma duba abin da yake yi a cikinta. A PUBG ko Free Fire yana ɗaukar sunan wasa, ya shiga runduna, su naɗa shugaba, su sa wa juna doka. Masarautarmu ce dai ya sake ginawa. Bambancin shi ne abokin yaƙinsa yana Indonesiya ko Masar, alhali bai san sunan sa'ansa ko ɗaya a Gyel ba. Waɗanda suka yi zamanin 2go za su gaya muku ƙarshen irin wannan abota: ranar da aka watse daga dandalin, aboki ya tafi ke nan, domin laƙabi kawai aka sani. Mu ma abin da ya same mu ke nan. Ina neman Wazirinmu har yau, amma Facebook ba ya gane Waziri, gidansu kuma wasu ne a ciki.

Masu cewa tashe shiririta ce, ko 'yan daba sun ɓata shi har ana dakatar da shi a Kano, amsarsu gajera ce: a raka yaran, kada a kulle su. Wasannin da ke yi wa wata ƙabila ba'a kuma a ajiye su, akwai wasu da yawa.

Wani abin da ke damuna shi ne begen da muke yi. Zaurukan tsofaffin ɗalibai a WhatsApp cike suke da "Allah sarki Jos ta da". A sa hoton ƙungiyar ƙwallo ta Mighty Jets na 1972, a tuna shirin talabijin na Cock Crow at Dawn, wani daga Bauchi, wani daga Abuja, wani daga Fatakwal, kowa ya zubo alamar hawaye, a kwanta. Begen gaskiya ne, ni ma ina yin sa. Amma ya zama kamar jin ɗumin wutar da ke gidan maƙwabci: ana ganin haskenta, ba ta dafa wa kowa tuwo. Kusan duk cikin masu wannan bege babu wanda ɗansa ke da aboki ɗaya a ɗaya ɓangaren garin.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Masu unguwanni da shugabannin matasa na ɓangarorin biyu, Musulmi da Kirista, su zauna kafin azumi mai zuwa, su zaɓi layi ɗaya tak da yaran tashe za su tsallaka, dattawa biyu na kowane ɓangare suna biye da su da tocila, a kuma rama ziyarar a Kirsimeti. Makarantun firamare na gwamnati da har yanzu suke haɗa yaran ɓangarorin biyu a mayar musu da ƙungiyar wasan kwaikwayo, a sa ta cikin jadawali, kada a bar ta ga malamin da ya ga dama. Kuɗin taron otal ɗaya zai sayi ganguna da tufafin wasa na makarantu da dama. Sannan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su buɗe rajista mai gurbi uku, sunan yanka, sunan wasa, da unguwar da mutum ya tashi, a ajiye kwafi a hannun masu unguwanni, tun waɗanda suka san wane ne Waziri, wane ne Galadima suna raye.