Jawabin da malamin lakkol ya yi wurin taron ƙungiya: zancen yaƙi da iyaka

  

An ce mu yi magana bisa abin da ke hana mutane kwana: in ƙasa da ƙasa sun ja daga, mu talakawa ina muka dosa? Ba sai mun je nesa neman misali ba.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja sunka kifar da gwamnati a Yamai. Kwana huɗu baya, shugabannin CEDEAO sunka taru Abuja, sunka ba da wa'adin mako guda, sunka rufe iyaka. Mali da Burkina kuwa sunka ce wanda ya taɓa Nijar su ya taɓa. Kun ga ke nan rigimar gida ta kusa zama yaƙin ƙasashe da yawa. Ran 10 ga Agusta har aka ba da umarnin shirya runduna.

Allah ya kiyaye, ba a harba ko harsashi guda ba. Amma dubi abin da munka sha. Nijeriya ta yanke wuta, alhali a lokacin yawancin wutar da muke sha daga can take zuwa. Manyan motoci sunka yi layi Malanvil, kayan Kwatano ba su haye gada zuwa Gaya ba. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. Mai 'ya aure Jibiya, in zai gaishe ta, sai ya bar Ɗan Isa ya ratsa daji bisa babur kamar mai fasa-ƙwauri. Mu a lakkol mun ga yaran da iyayensu ke neman kuɗi Kano sun zo ba littafi ba alƙalami.

Dattawa sun san wannan tun kafin a haife mu. Rigimar tsibirin Lete da Dahomey a 1963 ta sa an kori ma'aikatansu daga ƙasarmu, kuma sai 2005 kotun duniya ta raba gardamar, ta ba Nijar tsibirin. A 1984 an rufe iyakar Nijeriya ana cikin fari, har yunwar shekarar ta samu suna El Buhari.

Mi ya kashe wutar 2023? A ganinmu zumunci ya taimaka ƙwarai. Iyakar ta kai kilomita 1,500, jiha bakwai na Nijeriya ke jingine da mu, daga Kebbi har Barno. Sanatocin Arewa sunka ƙi yarda da yaƙi, malamai da Sarkin Musulmi sunka tako har Yamai. A Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi, a Maris aka buɗe iyaka.

To amma kada mu ce an gama. Nijar ta fita CEDEAO a Janairu 2025, kuma ba mu ke rubuta dokar ketare iyaka ba. Saboda haka duk mai tafiya cirani bana ya riƙe katin shaidarsa da takardar haihuwa, ya bar wa sakatare lambar wayarsa da sunan garin da zai sauka. Labarin da kunka ji a waya, kada ku tura sai kun tabbatar. Zancen ajiye hatsi a rumbun ƙungiya kuwa, ma'aji zai kawo lissafi bayan sallar la'asar.