Amsar Wasiƙunku: Karatun Labari a Lokacin Ƙunci

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a Funtuwa, wadda ta roƙi mu sakaya sunanta. Ta ce maigidanta ya rasa aikinsa, ɗinkin da take yi kuma ya ja baya tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. In dare ya yi barci ba ya zuwa, sai lissafin kuɗin haya da na makaranta. Abin da ke ɗan sanyaya mata rai shi ne littattafan hikaya na 'yarta, amma uwar mijinta ta ce wannan sakarci ne, gida na ci da wuta ita tana karatun tatsuniya. Shi ne take tambaya, shin guje wa gaskiya take yi?

To, Malama, da farko muna yi miki jaje, Allah Ya kawo mafita. Amsa a taƙaice ita ce a'a. Mai noma ma yakan shiga inuwa ya sha ruwa, ba don ya bar gonar ba, sai don ya iya ƙarasa kunyar.

Ki tuna da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya shirya wa Musa ɗan Sarki tarko a waje. Me ya tsare yaron nan? Ba garu ba ne, ba dogarai ba. Aku ne ya riƙa ba shi labari dare bayan dare, har gari ya waye bai fita ba. Ashe labari kan hana mutum faɗawa hallaka a daren da zuciya ke ingiza shi.

Su kansu littattafanmu na farko cikin matsi aka haife su. Gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar an yi ta ne a 1933, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas. Haka nan littattafan soyayya na Kano sun bunƙasa ne bayan tsarin SAP na 1986, sa'ad da albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata. Ni kaina ina yaro a lokacin. Akwai daren da muka kwana da gaya babu miya, mahaifinmu ya kunna fitilar ƙwai ya karanta mana yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta. Yunwar ba ta tafi ba, amma mun yi dariya, mun yi barci.

Sai dai ga shawara uku. Na ɗaya, ki yanka wa karatun lokaci, misali bayan sallar isha'i, kada ya ci lokacin ɗinki ko na ibada. Na biyu, ki zaɓi abin karantawa. Littafin da ke cike da gidajen bene da motoci zai iya sa ki raina abin da ke hannunki. Nemi irin Shaihu Umar, wanda aka sace yana ƙarami, aka ƙetara hamada da shi, ya kuma dawo malamin da ake ɗaukar karatu a gabansa. Na uku, kada ki karanta ke kaɗai. Tara yaran, ki ɗaga murya, ki yi wa Iya shimfiɗa a kusa. Ina kyautata zaton kafin mako ya zagayo ita za ta riƙa tambayar ina aka tsaya.

Abu guda kuma, Malama: in rashin barcin ya wuce mako biyu, abinci ya fita ranki, ko kika ji duniyar ta ishe ki, to wannan ya wuce littafi. Ki gaya wa wanda kika amince da shi, ki je asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, ba kuma raunin imani ba ne.

Ki sake rubuto mana mu ji yadda aka kwana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.