SABON ƘYALLE A TSOHON ZANE

Teloli da mata masu ɗinki a gida, maganarmu ta yau daga cikin sana'arku ta fito. Kai mai karanta wannan takarda, ko kana Kumasi, ko Maraɗi, ko Garwa, ko Lome, ɗan ajiye abin da ke hannunka mu yi zance.

A zangon Kumasi akwai wata mace mai ɗinki a gida. Tana da keken hannu, tana ɗinka wa matan unguwa riguna, abin da ta samu ta haɗa da na mijinta su ci abinci. Wata rana maƙwabciyarta, matar wani falken goro, ta kawo mata zane. Tsohuwar atamfa ce 'yar Holan, wadda uwar matar ta bari sa'ad da ta rasu, shekara da shekaru tana kwance a gindin akwati. Ta ce, "Ƙanwata, ga zanen marigayiya Inna. Ina so ki fitar wa 'yata riga a ciki, ta sa ran bikinta. Ki yi hankali da shi, ba ni da wani abu nata sai shi." Mai ɗinki ta ce, "To, Yaya, kada ki damu."

Aiki ya yi mata yawa a makon nan, ba ta sami damar yankan zanen ba sai da dare, ga gajiya, ga hasken fitila kaɗan. Ta shimfiɗa shi a tabarma, ta ɗauki almakashi. Ashe wani gefe ya naɗe a ƙarƙashi ba ta gani ba. Da ta ɗaga, sai ga yanka tsawon ɗan yatsa a tsakiyar bayan rigar. Gabanta ya faɗi. Ba a sayar da irin wannan zane a kasuwa yanzu, in ma ana sayarwa, ai ba zai zama na Inna ba.

To, mai karatu, da kai ne, me za ka yi? Ita dai ga abin da ta yi. Ta leƙa waje ta ga ba kowa. Ta ɗauko sabon akoko wanda ba a taɓa sa shi a ruwa ba, ta yanki ƙyalle, ta sa ta ciki, ta bi da keke sau biyu, ta goge da dutsen guga har wurin ya kwanta lumui. Da safe ta kai riga, aka yi mata godiya, aka biya ta. Ba ta ce kome ba.

Amma tun daga ran nan ba ta ƙara samun barcin kirki ba. In ta hango maƙwabciyarta a kasuwa sai ta ratse ta bi wani layi. In ta ji sallama a ƙofar gida sai zuciyarta ta yi tsalle.

Saura kwana biyu biki, amarya ta wanke rigar, gama tana warin akwati. Da ta bushe, sai ga bayan riga ya tattare kamar bakin jaka, ɗinkin ya ja tsohon zane ya kece shi ta kowane gefe. Yankan da bai wuce ɗan yatsa ba ya koma kamar tafin hannu.

Kowane tela ya san dalilin wannan. Sa'ad da a ke saƙa yadi, ana miƙe zaren da ƙarfi, ana kuma sa masa sitati. Ran da ya fara shiga ruwa, sai zaren ya saki jiki ya koma, yadin ya ragu. Tsohon zane kuwa ya riga ya gama raguwa tuntuni, zarensa ya yi laushi, ba shi da ƙarfin ja. In ka haɗa su biyu, sabon ya ja, tsohon ya yage.

Maƙwabciyar ta zo da riga a hannu. Mai ɗinki ta durƙusa tana kuka, ta faɗi dukan abin da ya faru. Matar ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ƙanwata, kuskuren almakashi ba wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ya yi mini ciwo, kin karɓi godiyata alhali kin san abin da ke ciki. Tashi mu tafi wurin Baba."

Baba wani tsohon tela ne a bakin kasuwa. Ya juya rigar, ya duba, ya ce, "'Yata, da kin kawo mini tun daren nan, da aikin ɗan lokaci ne." Ya ɗauki reza ya warware facin a hankali, ya jefar da akokon. Ya tambayi sauran guntayen zanen da suka rage wajen yanka, ya zaɓi wanda furensa ya yi daidai da wurin da ya kece. Ya datse bakin da ya zazzage har ya kai inda zare ke da ƙarfi. Ya yanki ƙyallen ya fi ramin da faɗin yatsa biyu ta kowane gefe, ya lura tsawon zarensa ya bi tsawon zaren rigar. Ya sa shi ta ciki, ya kalmashe baki, ya ɗinke da hannu, allura siririya, taki ƙanana, bai ja zare da ƙarfi ba. Da ya gama ya ɗora ɗanyen tsumma ya goge. Amarya ta sa rigarta ran biki, ba wanda ya lura. Amma Baba ya gaya musu gaskiya, ya ce, "Na rufe shi, amma ban mai da shi sabo ba. Wanda ya juya ciki zai gani."

Ku masu ɗinki, ku riƙe wannan, zai amfane ku. In kun ɓata yadi, ku tsaya, kada ku yi gaggawa. Ku yi faci da irin yadin, in kuwa dole sai da sabo, ku fara wanke shi ya bushe. In dutsen guga ne ya ƙone wuri, ku yanke ƙunar duka, gama zaren da ya ƙone ba ya riƙe ɗinki. Abin da ya fi duka kuwa, ku gaya wa mai kaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yanzu fa ga dalilin da ya sa na ba ka wannan labari. Yesu Almasihu ya yi misali da wannan abu sosai. Yana rubuce cikin Linjila ta hannun Markus sura 2, da Matta sura 9, da Luka sura 5. A zamaninsa babu keke, gama sai a shekara ta 1851 ne Isaac Singer ya fito da kekensa a Amurka. Kowace riga da hannu a ke kaɗa zarenta, da hannu a ke saƙa ta, da hannu a ke ɗinka ta. Tana da daraja ƙwarai, har cikin Attaura an umarta cewa wanda ya karɓi mayafin matalauci jingina ya mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai rufa ya kwana. Saboda haka masu jin Yesu sun san faci sarai. Ya tuna musu cewa mai hankali ba ya toshe tsohuwar tufa da ƙyallen da bai sha ruwa ba, domin ɓarnar baya za ta fi ta fari. A wurin Luka kuma an ƙara cewa sabon da tsohon ba za su ma dace da juna ba.

Tsohuwar tufar nan, ɗan'uwana, ni ne da kai. Zunubi ya yanke mu. Ka san inda naka yankan ya ke, ba sai na nuna maka ba. Watakila mudun da ka buga wa gindi ne. Watakila yadi biyar da rabi ne ka sayar a kan shida. Watakila amanar da aka ba ka ka kai gida ce, ta tsaya a aljihunka. Watakila wata magana ce da ka faɗa a kan maƙwabcinka, ta raba shi da matarsa. Ba wanda ya gani, ka leƙa waje ba kowa.

Me mu kan yi kuwa? Abin da matar nan ta yi. Mu nemi ƙyalle mu rufe. Wannan dabara tsohuwa ce. Cikin littafin Farawa sura 3, da Adamu da Hawwa'u suka karya umarnin Allah, aikin fari da suka yi ɗinki ne. Suka harhaɗa ganyen ɓaure suka ɗaura, suka ɓuya cikin itatuwa. Mu ma haka. Wani ya ƙara kyauta, wani ya rantse daga yau ya bari, wani ya sake gari inda ba a san shi ba. Kyauta abu ne mai kyau, niyyar kirki ma haka, kamar yadda akoko yadi ne mai kyau. Amma in ka ɗora su a kan laifin da ka ɓoye, ba su riƙewa. Ran da wahala ta zo, ko fushi, ko kwaɗayi, watau ran wanki, sai wurin ya buɗe fiye da dā. Akwai kuma babbar rana tana zuwa, sa'ad da Allah zai juya kowace riga ya duba cikinta.

Ga bishara, watau labari mai daɗi. Allah bai bar Adamu da matarsa da ganye ba. Shi da kansa ya yi musu tufafi na fata ya suturta su. Abin da ya yi musu alama ce ta abin da ya yi mana cikin Almasihu. Yohanna ya ba da labari cikin sura 19, cewa sa'ad da aka gicciye Yesu, sojoji huɗu suka raba tufafinsa. Taguwarsa kuwa saƙa ɗaya ce daga sama har ƙasa, ba ɗinki ko ɗaya, har suka ƙi yaga ta, suka jefa ƙuri'a a kanta. Haka ransa ya ke, ba yanka, ba faci, ba abin ɓoyewa. Aka tuɓe shi, ya sha kunyar da ta dace da mu, ya mutu saboda zunubanmu, a rana ta uku ya tashi. Baba tela ya iya rufe rami, amma bai iya mai da zane sabo ba. Yesu yana ba da sabuwar zuciya, yana kuma suturta mai tuba da adalcinsa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan tufa ba aro ba ce, kyauta ce, wanda ya karɓa ta zama tasa har abada.

To, me ya rage gare ka? Ka warware facinka, ka kawo wurin yadda ya ke. Ka faɗa wa Allah laifin da sunansa, kada ka rage. Ya yi alkawari zai gafarta wa wanda ya furta zunubinsa. In kuwa akwai mutumin da ka cuta, ka tashi ka je wurinsa, ka gaya masa, ka mayar da abin da za ka iya mayarwa. Da wuya, na sani. Matar nan ma ta ji wuya sa'ad da ta durƙusa, amma a daren nan ne ta fara barci. Ka tuna da maganar Baba: da an kawo tun da wuri, da ramin bai yi girma ba. Kada ka jira ran wanki.

In zuciyarka ta yarda, ka yi addu'a tare da ni yanzu, a inda ka ke zaune:

Ya Allah, na ɓata abin da ka ba ni amana, na kuma yi ƙoƙarin ɓoyewa. Ga shi na kawo a gabanka. Ka gafarta mini saboda Yesu Almasihu wanda ya mutu domina. Ka ba ni sabuwar zuciya, ka ba ni ƙarfin hali in gyara tsakanina da wanda na cuta. Amin.

Ka nemi Linjila ka karanta surorin nan da kanka. In ba ka iya karatu sosai ba, ka nemi wani mai bin Yesu a unguwarku ya karanta maka. In ka gama da wannan takarda, ka miƙa wa telan da ke kusa da kai. Allah ya sa albarka a sana'arku, ya ba ku salama. Sai mun sake saduwa.